Waƙoƙin Gwaji a Kan Halittu: Ina Matsayinsu a Tarken Muhalli?

Tun lokacin da nazarin adabi ta fuskar muhalli ya samu gindin zama a jami'o'in Amurka da Ingila, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu shi. Ba wanda ke musun cewa waƙa na da abin faɗa a kan daji da kogi da tsuntsu da ƙasar noma. Inda aka raba gari shi ne wace irin waƙa. Wani ɓangare ya tsaya a kan waƙar da ke magana a fili, wadda mai karatu zai ji ya gane nan take, zuciyarsa ta karkata ga abin da ake shirin hallakarwa. Ɗaya ɓangaren ya ce irin wannan waƙa duniyar da ta shuɗe take siffantawa, kuma ba za a iya faɗin halin da ƙasa ke ciki yau ba sai an taɓa ginin waƙar kansa: a wargaza layuka, a bar fili a tsakiyar shafi, a shigo da alƙaluma da sunayen sinadarai da shaidar da aka bayar a gaban kwamiti, a bar muryoyi da yawa su yi magana maimakon ta mawaƙi shi kaɗai. Waƙoƙin wannan ɓangare na biyu su ake kira waƙoƙin gwaji, kuma sun daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin matarka su yi musu iso.

Shi kansa tarken muhalli ba tsohon fage ba ne. William Rueckert ne ya raɗa masa suna a wata maƙala ta 1978, amma sai a 1992 masu sha'awarsa suka kafa ƙungiyarsu, ASLE, a Amurka. A 1996 kuma Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka tattara maƙalun da suka zama ƙofar shiga fagen, The Ecocriticism Reader. Sai an san yanayin da aka haifi wannan fage za a gane dalilin da ya sa da farko ya juya wa waƙoƙin gwaji baya. A shekarun 1970 da 1980, ra'ayin da ke tashe a sassan adabi shi ne wanda ya taso daga Faransa, mai cewa harshe ba ya kai mutum ga duniya kai tsaye: kowace kalma wata kalmar take nunawa, ita ma ta nuna wata, ba iyaka. Matarkan muhalli na farko sun hango haɗari a nan. Ana sare dazuzzuka, ana tuttula guba a koguna, Rachel Carson ta riga ta nuna tun 1962 a littafinta Silent Spring yadda maganin ƙwari ke kashe tsuntsaye, su kuwa malaman adabi sun duƙufa suna cewa duk abin da ke cikin littafi rubutu ne kawai. Sai waɗannan matarka suka yi tsayuwar daka a kan cewa akwai kogi na gaske a wajen littafi, kuma aikin marubuci shi ne ya mayar da hankalin mai karatu gare shi.

Shi ya sa suka rungumi marubutan da ke lura da kyau su rubuta a sarari, irin su Thoreau a zube, da Wordsworth da Gary Snyder da Wendell Berry da Mary Oliver a waƙa. Thoreau ne ginshiƙin littafin Lawrence Buell na 1995, The Environmental Imagination. Wanda ya fi kowa fitowa fili shi ne Leonard Scigaj a littafinsa Sustainable Poetry na 1999, inda ya zaɓi mawaƙa huɗu, Ammons da Berry da Merwin da Snyder, ya kafa su misali, ya kuma soki waƙar da ta shagala da wasa da harshe har ta manta da abin da harshen ke nunawa. Ina ganin uzurinsu ƙwarai. Wanda ke ganin ana ɓarna a gabansa yana son kalmar da za ta isa kunne da wuri.

Sai dai waƙar da ke magana a fili ita ma tana da abin da take ɓoyewa, kuma an gano haka tun kafin a fara maganar gwaji. A 1798 Wordsworth ya rubuta wata shahararriyar waƙa a gaɓar Kogin Wye, 'yan mil kaɗan daga kangon majami'ar Tintern, waƙa mai cike da natsuwa da tunanin yadda halittu ke warkar da zuciya. A 1986 Marjorie Levinson ta koma ga tarihin wurin, ta nuna cewa a wancan lokacin akwai masana'antun ƙarfe a kwarin, ana ƙona itace ana gawayi don ciyar da su, kuma mabarata ne ke kwana a cikin kangon. Kusan duk wannan bai shiga waƙar ba. Mawaƙin ya yi irin abin da mai ɗaukar hoton biki ke yi, ya karkatar da kyamara don kada juji ya fito a bayan amarya. Jonathan Bate ya kare Wordsworth a Romantic Ecology na 1991, ya ce ƙaunar wuri ita ma siyasa ce, kuma daga irin wannan ƙauna aka fara fafutukar kare muhalli a Ingila. Maganarsa na da gaskiya, amma ba ta share tambayar ba. Raymond Williams ya riga ya nuna tun 1973 cewa waƙoƙin karkarar Ingila sun sha yabon gonaki masu albarka ba tare da ambaton wanda ke noma su ba. John Clare, ɗan ƙodagon gona daga ƙauyen Helpston, wanda ya ga yadda aka kakkange filayen gari aka raba wa masu hali, yana cikin 'yan kaɗan da suka rubuta daga ɓangaren wanda aka ƙwace wa.

Daga ƙarshen shekarun 1980 abin ya wuce batun abin da mawaƙi ɗaya ya ɓoye. A 1989 Bill McKibben ya yi hujja da cewa tunda hayaƙin ɗan Adam ya sauya iskar duniya baki ɗaya, babu sauran wani lungu da za a ce hannunsa bai taɓa ba. A 1995 masanin tarihi William Cronon ya tunatar da Amurkawa cewa dajin da suke alfahari da shi a matsayin wanda ba kowa, irin su Yosemite da Yellowstone, sai da aka kori 'yan asalin ƙasar da ke zaune a ciki sannan ya zama ba kowa. A 2000 Paul Crutzen da Eugene Stoermer suka ba da shawarar a ɗauki wannan zamani a matsayin sabon babi a tarihin ƙasa, wanda tasirin ɗan Adam ne ke jan ragamarsa. Idan haka ne, mawaƙin da ya fita bayan gari don ya gana da halittu a tsarkakensu me zai tarar? Ruwan da ke sauka masa ma yana ɗauke da abin da masana'anta ta saki. Mawaƙiya Juliana Spahr, wadda ta koyar a Hawaii, ta bayyana cewa abin da ya sa ta daɗe ba ta aminta da waƙar halittu ba shi ne yadda take zaɓen abin da ya yi kyau ta bar injin da ke rusa wurin a waje. A 2001 Jonathan Skinner ya kafa mujallar ecopoetics don ya haɗa mutane biyu da ba sa ga maciji: masu kishin muhalli da ba ruwansu da sabon salo, da masu sabon salo da ba ruwansu da muhalli. Daga nan aka fara samun tarin waƙoƙi irin su The Ground Aslant na Harriet Tarlo a Ingila a 2011, da The Arcadia Project a Amurka a 2012, sannan littafin tarke na Lynn Keller, Recomposing Ecopoetics, a 2017.

To, me waɗannan waƙoƙi ke yi a zahiri? Gara a duba aikin da kansa, don bayanin matarka a kansa yakan fi shi duhu.

Mafi ƙarfin misali a wurina ya girmi duk wannan gardama. A 1930 aka fara haƙa wata hanyar ruwa ta ƙarƙashin dutse kusa da garin Gauley Bridge a jihar West Virginia, don samar wa wani reshen kamfanin Union Carbide wutar lantarki. Dutsen cike yake da silika. Aka sa ma'aikata, galibinsu baƙaƙen fata da suka zo ci-rani daga kudancin Amurka, suna huda shi a bushe, ba abin rufe hanci. Ƙurar ta cika huhunsu, suka riƙa mutuwa. Binciken majalisar dokoki na 1936 ya ambaci mutum 476, binciken da Martin Cherniack ya wallafa a 1986 kuma ya kai adadin 764 aƙalla. A 1936 Muriel Rukeyser, tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta je wurin, kuma a 1938 ta fitar da jerin waƙoƙin The Book of the Dead. Ba ta tsaya makoki da muryarta ita kaɗai ba. Ta ɗauko shaidar da aka bayar a gaban kwamitin majalisa, da bayanin likitoci a kan hoton ƙirji, da maganar uwar da ta rasa 'ya'yanta, har da farashin hannun jarin kamfanin, ta jera su kusa da siffar kogi da tsaunuka. Mai karatu yana ganin kyawun kwarin, yana kuma ganin wanda ya ci ribarsa da wanda ya biya da numfashinsa, duk a shafi ɗaya. Wasu matarkan zamaninta sun ce wannan aikin jarida ne, ba waƙa ba. Yau kuwa da wuya a yi zancen waƙar muhalli mai kafa hujja da takardu ba a fara da ita ba. Abin lura shi ne ba don ƙawa ta sauya tsarin ba. Tsohon tsari ba shi da wurin da za a ajiye shaidar likita, ita kuwa shaidar likitan ita ce zuciyar lamarin.

Misali na biyu daga Denmak ya fito, kuma hanyarsa daban. A 1981 Inger Christensen ta wallafa alfabet, doguwar waƙa da ta ɗora a kan ƙa'idoji biyu. Ta farko jerin haruffa: kowane sashe yana tattaro abubuwan da sunansu ya fara da harafinsa. Ta biyu jerin lissafin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, 1, 2, 3, 5, 8, 13, haka har gaba, jerin da ake gani a tsarin 'ya'yan wasu furanni da ganyayen wasu tsirrai. Yawan layukan kowane sashe wannan jeri yake bi. Sashen farko layi ɗaya ne tak, a kan wata bishiya mai 'ya'ya. Amma ƙa'idar haruffa ba ta san kyau da muni ba. Harafin da ya kawo tsuntsu shi zai kawo guba mai suna da harafi iri ɗaya, kuma kafin a yi nisa bam ɗin nukiliya ya shigo, da Hiroshima da Nagasaki. Sassan suna ta kumbura, kowanne ya ɗara na baya da rabi ko fiye, har waƙar ta tsaya a harafi na goma sha huɗu ba tare da ta cika adadin layukansa ba. Mai karatu yana jin nauyin haɓakar da ba ta da birki a cikin numfashinsa, ba sai an yi masa lacca a kanta ba. A lura kuma, wannan waƙa ba ta yi watsi da ƙa'ida ba. Ƙa'idar da ta ɗora wa kanta ta fi kari da amsa-amo tsanani. Masu zaton gwaji yana nufin sakin linzami ba su karanta irin wannan ba.

A Ingila, Alice Oswald ta shafe shekaru tana bin Kogin Dart a yankin Devon, daga mafarinsa a tudun Dartmoor har inda ya faɗa teku, tana naɗar hirarta da mutanen da ke rayuwa da shi. Littafinta Dart na 2002, wanda ya ci kyautar T. S. Eliot, saƙa ce ta waɗannan muryoyi: masunci, da mai satar kifi da dare, da mai kula da daji, da ma'aikacin masaƙar ulu, da mai aikin tace ruwan masai, da matuƙin jirgin fito, har da waɗanda kogin ya ci. Murya tana narkewa cikin murya ba shinge, sai ɗan suna a gefen shafi. A nan kogi ya daina zama abin kallon mai yawon shaƙatawa, ya zama wurin aiki da wurin mutuwa. Adam Dickinson na Kanada ya kai abin inda ba a zata ba. Don littafinsa Anatomic na 2018, ya ba da jininsa da fitsarinsa da bayan gidansa aka gwada, aka samu ragowar maganin ƙwari, da sinadaran roba, da sinadarin PCB wanda aka hana sarrafawa tun ƙarshen shekarun 1970, ya gina waƙoƙinsa a kan sakamakon. Hujjarsa ba ta da sarƙaƙiya: muhalli ba wani wuri ba ne can da za a je a kalla, yana yawo a cikin jinin mai kallon.

Craig Santos Perez ɗan Guam ne, tsibirin da ke hannun Amurka tun 1898, kuma sansanonin soja suka cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsa. Wani maciji da ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarar da tsuntsayen dajin tsibirin. A jerin littattafansa da ya fara a 2008, Perez yana warwatsa kalmomi a farin shafi yadda tsibirai ke warwatse a teku, yana barin kalmomin harshensa na Chamoru ba fassara, yana kuma shigo da ƙorafin da jama'a suka rubuta wa hukuma a kan shirin faɗaɗa sansanoni. Ɓacewar tsuntsu da ɓacewar harshe da ƙwacen ƙasa, a wurinsa labari ɗaya ne. A 2023 ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a ɓangaren waƙa. Akwai ma waɗanda suka fitar da waƙa daga takarda gaba ɗaya, kamar Ian Hamilton Finlay da ya fara gina lambunsa a Sikotland a 1966, yana sassaƙa kalmomi a duwatsu da itace a tsakanin tsirrai, inda ruwa da gansakuka ke sauya rubutun shekara bayan shekara.

Idan aka jera waɗannan ayyuka, za a ga hujjoji biyu ake kawowa don kare su, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce wadda aka fi ji: duniya ta wargaje, saboda haka dole waƙa ta wargaje. Wannan hujja ba ta gamsar da ni. Wargajajjen layi ba ya nufin komai shi kaɗai. An wargaza layi don faɗin soyayya, an wargaza don faɗin yaƙi, an wargaza don yayi kawai. Kuma ba dole siffar magana ta kwaikwayi abin da ake magana a kai ba; mai ba da labarin ruɗani da tsararriyar magana sau da yawa ya fi isar da ruɗanin. Matarkin da ya ga fili a tsakiyar shafi ya ce wannan ɓacewar halittu ce, ya ga jimla ba aikatau ya ce wannan ƙasƙantar da kai ne a gaban halitta, ya sauƙaƙa wa kansa aiki fiye da kima. Da irin wannan karatu kowace waƙa mai wuyar fahimta za ta zama waƙar muhalli, kuma tsoron Scigaj ya tabbata ke nan.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi. Ɓarnar muhalli ta zamaninmu galibi ba ta ganuwa ga idon mutum ɗaya da ke tsaye a wuri ɗaya. Rob Nixon, a littafinsa na 2011, ya yi bayanin ta'adi mai tafiyar hawainiya: gubar da ke taruwa a jiki shekara ashirin, ƙasar da gishiri ke cinyewa sannu a hankali bayan an sare itatuwanta, kamar yadda John Kinsella ke rubutawa a kan yankin alkama na yammacin Ostareliya, zafin da hayaƙin wata nahiya ke jawo wa wata. Waƙar da aka gina a kan mutum ɗaya, lokaci ɗaya, kallo ɗaya, tana iya kama faɗuwar rana, amma da ƙyar ta kama sanadin da ke nesa da sakamakon da zai zo bayan shekaru. Abin da gwaji ya yi shi ne ya buɗe wa waƙa ƙofofin da za a shigo da abin da ido ba ya gani: adadi, takarda, sakamakon ɗakin gwaji, muryar ma'aikaci, harshen da aka danne. Ma'aunin da nake ganin ya kamata matarki ya riƙe ke nan. Kada ya tambaya ko waƙar ta karya ƙa'ida. Ya tambaya me karyawar ta shigo da shi wanda da ba zai shigo ba, kuma bayan an gama karatu, shin an fi sanin abin da ya faru da wurin, da wanda ya yi, da wanda abin ya faɗa wa?

Akwai suka guda da masu wannan salo ba su amsa ba har yau, wato batun masu karatu. Yawancin waɗannan littattafai ƙananan maɗaba'u ne ke buga su, kuma ɗalibai da malaman jami'a ne ke karanta su. Mary Oliver ita kaɗai ta isa gidajen da dukkansu a haɗe ba su isa ba, kuma ba adalci ba ne a raina wanda ya fara kula da tsuntsayen unguwarsu saboda waƙarta. Timothy Morton, a Ecology without Nature na 2007, ya nemi a yi watsi da tunanin halitta a matsayin wani abu can da ake sha'awa daga nesa, kuma hujjarsa ta yi tasiri. Amma mutum ba ya tashi kare abin da bai ƙaunata ba. Waƙar yabo tana shuka ƙaunar. Waƙar gwaji tana hana ƙaunar ta zama rufe ido. Fagen da ya kori ɗaya daga cikinsu ya rage wa kansa ƙarfi.

Suka ta biyu ta fi damuna, kuma kan matarka take, ba kan mawaƙa ba. Idan suka ce gwaji, galibi abin da suke nufi shi ne abin da ake yi a kan shafi a Amurka da Turai, silsilar da ta taso daga Charles Olson da bayaninsa na 1950 a kan buɗaɗɗen shafi, da Lorine Niedecker mai taƙaitattun layuka a kan fadamun Wisconsin. Wanda ya sabunta waƙa ta hanyar murya da kiɗa ba kasafai ake sa shi a lissafi ba. Alhali Kamau Brathwaite na Barbados, wanda ya yi aikin ilimi a Gana daga 1955 zuwa 1962, ya kafa hujja mai ƙarfi a History of the Voice na 1984: karin waƙar Ingilishi da aka koya wa yaran Karebiyan a makaranta ya dace da yanayin Ingila ne, ba zai ɗauki guguwar tekunsu ba, don haka sai an koma ga karin maganar mutane da kiɗansu. Wannan ita ce hujjar waƙar gwaji ɗungurungum, an faɗe ta shekaru kafin a kafa ASLE. Haka Niyi Osundare a The Eye of the Earth na 1986, inda ya ɗauko salon kirarin Yarabawa ya yi wa dazuzzuka da duwatsun garinsu Ikere, cikin Ingilishin da ya lanƙwasa ya bi kiɗan ganga, yana yabo yana kuma nuna masu sare dajin da masu haƙon dutsen. Tanure Ojaide da Nnimmo Bassey sun rubuta a kan malalar mai da harshen wutar iskar gas a Neja Delta, yankin da aka rataye Ken Saro-Wiwa saboda shi ranar 10 ga Nuwamba 1995. Duk da haka, a 2001 William Slaymaker ya rubuta cewa marubutan Afirka sun yi jinkirin amsa kiran muhalli. Aikin manazarta irin su Byron Caminero-Santangelo da Cajetan Iheka da Sule Egya ya nuna ba jinkiri ba ne. Ma'aunin ne bai san yadda zai auna su ba, don a wurinsu ba a raba maganar ƙasa da maganar wanda ke ci daga gare ta.

Nan ne lamarin ya taɓa mu. Ba za a ɗauko sukar da aka yi wa Wordsworth a ɗora wa mawaƙin Hausa yadda take ba, domin shi bai taɓa riya dajin da ba kowa ba. Daji a wurinsa wurin noma ne da kiwo da farauta da itace, halittu kuma ayoyi ne da ke nuna ikon Mahalicci. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali tana cikin wannan turba, kuma ba abin da zai rage mata daraja. Muna da kirarin dabbobi da na itatuwa, muna da waƙoƙin noma. Amma tambayar da masu gwaji suka yi tana jiranmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar ruwa, kachalla ta toshe hanyoyinsa ta cinye gonaki da wuraren su. Waɗannan labarai ne na ma'aunin dalma a jini, da farashin zinariya, da shawarar da aka yanke a ofis mai nisa, da maganar uwa da ta masunci. Baiti mai ƙwar biyar zai iya ɗaukar su? Ina kyautata zaton zai iya ɗaukar da yawa, tunda ya ɗauki fiƙihu da lissafin taurari da siyasa. Inda ya gaza kuma, bai kamata a tsayar da mawaƙin da ya nemi wata hanya da cewa abin da ya yi ba waƙa ba ne, kamar yadda aka ce wa Rukeyser.

Hukuncina shi ne waƙoƙin gwaji sun cancanci matsayin da suka samu a tarken muhalli, amma saboda abin da suka shigo da shi cikin waƙa, ba saboda wargaza layi ba, kuma ba a matsayin magadan waƙar yabo ba. Ina kira ga malaman adabin Hausa a jami'o'inmu da kwalejojinmu da su sa wannan tambaya a gaban ɗalibansu, su fara da waƙoƙinmu na baka da rubutattu, su auna abin da suka faɗa a kan ƙasa da ruwa da abin da suka bari, kafin wani ya zo daga waje ya auna mana da mudunsa.